Jirgin Feshi a Gonar Habibu

Ranar Talata da hantsi aka tsinci jirgin feshi kwance cikin geron Habibu, bayan garin Matameye, kan hanyar Dawce. Farfela biyu sun karye, tankin magani ya huje wuri uku. Kafin a kira azahar mutanen unguwa sun gama bincike, sun gama shari'a, ɗauri kawai ya rage: Habibu ne ya harbo shi.

Ba a banza suka faɗi haka ba. Jirgin irin marar matuƙin nan ne, wanda ƙungiyar manoma ta ɗauko haya daga wani kamfani na Damagaram, saboda tsutsa ta shiga zangarniya a daminar bana tana ci ba ƙaƙƙautawa. Sati biyu kafin nan jirgin ya bi ta saman gidan Habibu, matarsa Zuhra na tsakar gida da tsohon ciki. Ya fito yana kumfar baki, ya ce a gaban mutane in abin nan ya sake leƙa masa gida sai ya sauko da shi. Kowa kuma ya san yana da bindigar toka ta gado. Yanzu ga jirgi a ƙasa, ga fiye da rabin gonaki ba a fesa ba, ita kuwa tsutsa ba ta tsaya jiran shari'a ba.

Fahad, wakilin kamfanin, ya so a kira jandarma nan take. Mai unguwa, Alhaji Abdurrazak, ya roƙe shi ya dakata zuwa la'asar ɗin Alhamis, in har lokacin ba a sami wata magana ba shi da kansa zai miƙa Habibu. Ya zaɓi Alhamis ne don Zuhra ta haihu, ranar da safe za a raɗa suna, kuma bai so a ɗauke uba kafin a yanka rago. Daga nan ya aika a kira masa Shekara.

Shekara mai bin sawu ya ba saba'in baya. Rabon da a kira shi aiki shekara tara ke nan, har ya fara zaton an manta yana raye. A zamaninsa in aka kore wa mutum shanu, shi ake fara tashi kafin a tashi sarki. Ya taɓa bin sawun saniya ɗaya kwana uku har cikin ƙasar Daura, da gorar ruwa da goro biyu a aljihu, ya dawo da ita da ɓarawon. Yanzu ɓarawo mota yake kawowa, sawun taya kuwa duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, mutane ma in abu ya ɓace musu waya suke dubawa. Abin da ya rage wa Shekara shi ne zaman la'asar a ƙofar gidan Illa, abokinsa tun suna kiwon awaki, wanda sa ya taɓa take wa ƙafar hagu har yau take ja. A cikin sa'o'insu su biyu kaɗai suka saura, kuma rabin hirarsu ambaton waɗanda suka riga su ne.

Da saƙon ya iso, sai da ya sa aka maimaita masa. Ya ji daɗi har cikin ransa, ba ya ɓoye wannan. Ya ɗauko sandarsa ya fita yana sauri kamar wanda aka mayar wa shekara ashirin.

*

A gonar ya tarar kusan mutum hamsin sun riga shi, kowa ya taka inda ya ga dama. Ya tsaya yana dubansu ɗaya bayan ɗaya har suka ja da baya, sannan ya ce ko garken shanu ya fi su sanin inda ake sa ƙafa.

Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyi na ƙara. Karan geron da ke ƙarƙashin jirgin sun kwanta ne gefe ɗaya a hankali, ba wanda ya tsage, alhali abin da ya faɗo daga sama da wannan nauyi sai ya farfasa kara. Ya ɗebi ƙasa ya sunsuna. Tanki a huje yake, ba ko ɗigon magani a ciki, amma ƙasar ƙamshin damina kawai take yi, tururuwa ma na harkar gabansu. Nan ya gane jirgin ba a nan ya faɗi ba, kawo shi aka yi.

Ya bar taron ya zaga ta bayan gambar da ta raba gonar da hanya. A nan ya ga sawun jaki, mai zurfi wajen shigowa, marar nauyi wajen fita. An bi da reshe an share, irin sharar wanda ya ji labarin yadda ɓarayi ke yi amma shi bai taɓa sata ba. A wuri ɗaya, inda mai sharar ya tsaya ya huta, ƙafar dama ta zauna daram, ta hagu ta ja ƙasa kamar faɗin tafin hannu. Nan take ya gane shi. Shekara sittin yana tafiya kusa da wannan sawu.

Ya waiga, ba mai kallonsa. Ya ɗaga ƙafa ya taka wurin, ya murje. Tunda yake bai taɓa yin haka ba.

Da ya dawo mai unguwa ya tambaye shi abin da ya gani. Ya ce ya ga mutanen unguwarsu Allah ya hore musu ƙafafu, sauran kuma sai ya ƙara dubawa. Aka yi dariya, shi bai yi ba.

*

Habibu na zaune a zaurensa shi kaɗai. Mutum ne dogo mai saurin fushi, kowane rani Kano yake tafiya turin ruwa, ya dawo da damina ya kama fartanya. Bai musanta maganar da ya yi ba. Ya ce ya faɗa, kuma in aka sake leƙa masa gida zai sake faɗa, amma ranar Litinin da jirgin ya ɓace yana kasuwar dabbobi wajen neman ragon suna, bai dawo ba sai bayan la'asar. Shekara ya ce a miƙo masa bindigar. Ya juya ta ya leƙa bakinta, sai ga gidan zanzaro, ƙasar ta bushe ƙayau. Bindigar nan ta fi shekara ba ta yi tari ba.

Ya kai wa mai unguwa ya nuna a gaban mutane. Ya zaci za su yi sanyi, sai wani ya ce mai zuwa Kano duk shekara ba zai rasa ta biyu ba, sauran suka gyaɗa kai. Mutanen da gonarsu ke lalacewa ba su cika son a kwance musu wanda suka riga suka ɗaure ba.

Da Shekara zai fita, Habibu ya biyo shi har ƙofa, ya rage murya.

"Baba, ni dai kafin safiyar Alhamis. Tun da aka ga abin nan ko mace ɗaya ba ta shigo yi wa Zuhra sannu ba. Ɗaurin bai dame ni kamar wannan ba."

Shekara ya ce in Allah ya so. Bai iya duban idonsa ba.

Daga nan ya nufi wajen Idi mai sayen tsoffin ƙarafa, don wasu sun fara cewa wataƙila shi ya tsinci jirgin ya so ya kwance ya sayar, tsoro ya kama shi ya yar. Idi na da jaki, wannan gaskiya ne. Shekara ya ɗaga ƙafar jakin ya duba kofato, ya yi tambayoyi kusan sa'a guda, har Idi ya fara rantsuwa da kabarin uwarsa cewa tun Lahadi yana Icirnawa, jiya da dare ya dawo. Shekara ya san da haka tun kafin ya tambaya. Kofaton jakin Idi ya fi wancan faɗi, makaho ma zai gane da hannu. Ya zo ne kawai don ƙafarsa ta ƙi zuwa inda ya kamata ta je.

Da la'asar ya je ƙofar gidan Illa kamar kullum. Suka zauna kan tabarma, suka yi maganar ruwan da aka yi ranar Asabar, da tsadar goro, da wani maƙeri da ya rasu shekara goma sha biyu da suka wuce. A duk faɗin Matameye su biyu ne kaɗai ba su yi zancen jirgi ba a ranar.

*

Laraba da safe ya je ma'ajiyar ƙungiyar manoma inda aka ajiye jirgin. Ya sami Najaha zaune kusa da shi, ta yi tagumi. Ita ce mai sarrafa jirgin, ƴar Damagaram ce, ta yi karatun aikin gona, kuma da gani ba ta yi barcin kirki ba. Ta gaishe shi da ladabi. Ya ce ta gaya masa yadda ake kiwon wannan dabba, don shi bai taɓa bin sawun abin da ba ya taka ƙasa ba.

Ta ɗauko wata waya mai faɗi kamar allo ta nuna masa. Ta ce jirgin ba da hannu take tuƙa shi ba, hanya ake zana masa a kan taswira, shi kuma ya bi. Akwai manhajar da masu ƙera jirgin suka haɗo shi da ita, amma wannan sai mutum ya zaga kowace gona da ƙafa, ya tsaya gindin kowane itace ya sa alama. Kamfaninsu ya ga hakan na cin lokaci, sai ya sayi wata manhaja daga wasu mutane daban, wadda tana zaune a inuwa za ta zana hanyar gona arba'in a kan hoton da aka ɗauka daga sama. Ranar Litinin jirgin ya sha kan tudu ta daina ganinsa, amma a allon tana ganin ɗigonsa yana tafiya lafiya lau, har ya kai gonar Habibu ya tsaya. Shi ya sa can suka nufa, ita da mutane, suna ta kiraye-kiraye cikin gero har magariba ba su ga komai ba. Washegari sai ga shi a wurin da suka riga suka duba.

"Wannan ɗigo, ɗiyata, jirgin yake nuna miki, ko hanyar da kika ce ya bi?"

Ta ce tun daren Litinin take wannan tunani. Ta gaya wa Fahad, ya ce manhaja ba ta ƙarya, mutane ke yi.

Shekara ya ce ta nuna masa hoton. Ta buɗe ta matso da shi kusa da idonsa. Da farko bai ga komai ba sai ja da fari. Can sai ya gane hanyar Dawce, ya gane tudun, sai kuma ya ga wani baƙin ɗigo a gefen hanya, ya ɗora yatsa a kai. Rijiyar Makiyaya ce. Rijiyar nan ta rufta shekara ashirin da ɗoriya, yau gyaɗa ake shukawa a kanta. A nan ya sha ruwa ranar da ya dawo daga Daura. Ga tsohon burtalin shanu can, wanda gonaki suka cinye. Ga fili fetal, ko'ina tsirara, itatuwa ɗai-ɗai kamar haƙoran tsoho. Haka ƙasar take bayan manyan fari, lokacin da in mutum ya hau tudu zai hango mai raƙumi tun daga nesa, kafin manoma su koyi barin toho in suna sassabe, gawo ya dawo ya rufe gonaki.

Ya daɗe yana kallo. Ƙasa ce ta wahala, ya sani, an sha yunwa a cikinta. Amma ƙasarsa ce, wadda ya san kowace kwana tata, wadda in an ce Shekara kowa ya san wa ake nufi. Kewa ta kama shi har ya ji idonsa ya yi zafi, ya ce hasken allon ne.

"Ɗiyata, jirginku a ƙasar da ta wuce yake tashi," in ji shi. "Wannan hoto ya girmi aurenki, in kin yi."

Ya bi farin layin da ta zana da yatsa. Bayan tudu layin ya ratsa tsakiyar wata gona da ba ko inuwa ɗaya a cikinta. Gonar Illa ce.

Sai ya juya kan jirgin. Ya nemi allura, Najaha ta ciro ɗaya daga gefen gyalenta. Ya sa a ɗaya daga cikin hujin tankin da ake cewa na harsashi ne, ya yi ta ƙwaƙula a hankali, har wani abu ya faɗo a tafinsa. Ƙaya ce fara, bakinta ja-ja. A gindin farfela ɗaya da ta karye kuma ga ɓawon itace fari-fari ya maƙale. Ya naɗe ƙayar a bakin rawaninsa. A gonar Habibu ba gawon da ya fi mutum tsawo.

*

Gawon Illa ana hango shi tun daga hanya. Ya yi tsawon da ba a tsammani, kuma kamar kowane gawo da damina, ba ganye ko ɗaya a jikinsa, sai rassa farare sirara da suka saje da hasken sama. Shekara bai kai gindinsa ba warin magani ya tare shi. Ƙasar wurin ta yi duhu, tururuwa da ƙwari sun mutu birjik. Ya ɗaga kai. Can sama ga sabon rauni fari inda reshe ya ɓalle. Reshen kuwa babu shi, an kwashe har ƙananan ɓaraguzai.

Ya sami Illa a bayan rumbu yana ba jaki dusa. Bai yi dogon zance ba, ya kwance bakin rawani ya nuna masa ƙayar. Illa ya dube ta, ya nemi wuri ya zauna.

"Na san kai za a kira," in ji shi. "Har na ce a raina idonka ya mutu."

"Sharar da ka yi ko ɗan shekara bakwai ba zai ruɗu ba."

Illa ya faɗi yadda aka yi. Yana gona ranar Litinin ya ji ƙara kamar an fasa tulu, ya zo ya ga abin gwamnati a gindin itacensa, ga reshen gawo kwance a ƙasa. Shi duk abin da ke tashi sama na gwamnati ne a wurinsa. Abin da ya fara zuwa masa shi ne shekara arba'in baya, ranar da ma'aikatan gandun daji suka kama shi da reshen gawo ɗaya da ya sara wa awaki, suka ɗaure masa hannu suka ratsa da shi tsakiyar kasuwa, Rabi matarsa na biye tana kuka. Shekara ya tuna ranar, shi ya je ya yi belinsa. Sannan Illa ya ce abin da ya fi tsoro ma ba tara ba ne. Za su ce itacen ne ya yi laifi, su zo da zarto. Itacen nan kuwa Rabi ce ta hana shi sare shi yana toho, ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ta ce a bar shi ko don inuwar jikoki. Ita ba ta sha inuwar ba. Da ya ji ana neman jirgi a gonar Habibu, sai ya ga ai ga mafita: ya kai musu kayansu inda suke nema, su ɗauka su tafi, kowa ya huta. Da asuba ya ɗora wa jaki. Wallahi bai kawo a ransa za a ce yaron ya harba ba.

Shekara ya ce to yanzu an ce, kuma gobe da safe suna. Ya ce su tashi su je wajen mai unguwa tun rana ba ta faɗi ba.

Illa ya riƙe masa hannu. Ya ce ya bar shi ya kwana da abin, gobe da sassafe shi da kansa zai je, da ƙafarsa, kada a ce an jawo shi kamar wancan karo. Har lokacin hannunsa na kan na Shekara. Shekara ya dubi wannan hannu da ya sha cin tuwo da shi a ƙwarya ɗaya, ya ce to. Ya san kuskure ne tun kafin ya rufe baki.

Da gari ya waye Illa bai fito ba. Shekara ya zauna a zaurensa yana jin rana na hawa. Ya ɗauki hularsa sau biyu zai tafi gidan suna, sau biyu ya ajiye, don bai san da wane ido zai dubi Habibu ba.

*

Bayan sallar la'asar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Habibu na gefe da sabuwar rigar da ya ɗinka don suna. Idi mai ƙarafa ya zo ba a kira shi ba, don a wanke shi a gaban jama'a. Fahad na tsaye jikin mota yana duba agogo, Najaha na kusa da allonta. Can baya, jikin bango, Illa ya rakuɓe. Shekara da kansa ya biya ya taho da shi.

Shekara ya fara da bindiga, ya ce zanzaro ya riga ya ba da shaida. Ya ce jakin Idi ba shi da laifi sai na cin kwali. Sannan ya ajiye ƙayar a kan tabarma gaban mai unguwa, ya ce ga harsashin. Ya faɗi yadda ƙasar gonar Habibu ba ta sha magani ba, da inda ƙasar da ta sha take. Ya ce jirgin gawo ya yi karo da shi, don an ba shi taswirar zamanin da ba gawo a wurin, kuma da damina gawo ba ya da ganyen da za a gani.

Fahad ya ce wannan tatsuniya ce, manhajar nan ana aiki da ita a ƙasashe da yawa. Najaha ta miƙe. Ta faɗa: hoton tsoho ne, ta duba shekararsa, kuma ɗigon da suka bi hanyar da aka zana yake nunawa bayan jirgin ya daina magana da allon. Ta ce ita ma da laifinta, da ta taka gonar da ƙafa da ta ga itacen. Ta miƙa wa Alhaji Abdurrazak allon. Ya duba, ya duba, sai ya ce, "Ikon Allah, ga rijiyar Makiyaya." Dattawa suka taso suna leƙe, kowa na neman gonar ubansa. Fahad ya koma bayan mota da waya a kunne.

Mai unguwa ne ya dawo da su kan magana. Ya ce to an ji, amma jirgi ba ya tashi da karyayyen fiffike. Wa ya kai shi gonar Habibu?

Shekara ya jira. Ya ba da lokacin da mutum zai sha ruwa ya ajiye moɗa, ba wanda ya motsa. Sai ya buɗe baki ya ce, "Jaki ne ya kai shi, ranka ya daɗe. Mai jakin kuwa..."

"Jakina ne."

Illa ya taso yana jan ƙafa har tsakiyar fili. Ya faɗi komai, bai rage ba, har da zarton da yake tsoro. Da ya gama wasu suka fara gunaguni, mai unguwa ya ɗaga hannu. Ya ce wa Illa, cikin taushin murya, ai wannan zamani ya wuce, an daɗe da sakar wa manomi itacen da ya rena a gonarsa, kuma ba wanda zai ci tarar mutum don jirgi ya karya masa reshe. Ya ce gawon nan ba mai taɓa shi, masu taswira su za su gyara taswirarsu. Illa ya tsaya baki buɗe. Kwana uku ya hana kansa barci, ya hana wani, saboda dokar da ta riga Rabi mutuwa. Ya juya wajen Habibu ya durƙusa, tsoho da shi. Habibu ya kama shi ya ɗaga, ya ce ba komai, Baba, tsoro ne.

Nan da nan mutanen da suka ɗaure Habibu da baki ranar Talata suka kewaye shi. Wannan ya ce shi dama bai yarda ba, wancan ya ce Allah ya raya. Habibu na amsawa da amin, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

*

Hanyarsu ɗaya da Shekara, don haka suka jera, Habibu na rage sauri saboda tsohon. Sai da suka kusa ƙofar gidansa ya yi magana.

"Baba, na gode. Amma in tambaye ka. Yaushe ka gane?"

Shekara na iya cewa jiya, ba wanda zai ƙaryata shi. Ya ce, "Tun ranar Talata. Na ga sawunsa a bayan gamba."

Habibu ya tsaya. Ya dubi ƙasa.

"Mu biyar ne da safe," in ji shi. "Liman, da mahauci, da ƙanena, da wani baƙo da ya zo wucewa, da ni. Tuwon da aka tuƙa yana nan a rufe. Zuhra ta sa aka ɗage mata labule tana duban ƙofa har rana ta take. Na ce mata ki kwantar da hankalinki, ko kowa bai zo ba Baba Shekara zai zo, shi ya san ban yi ba." Ya ɗago kai. "Ashe don ka sani ne ba ka zo ba."

Shekara ya yi shekaru yana gaya wa mutane gaskiyar da ba su so, yau an gaya masa tasa, kuma ba inda zai ce an yi masa ƙari. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Da ƙyar ya tambaya, "Me aka sa mata?"

"Ummu Salma."

"Allah ya raya ta."

"Amin," in ji Habibu. Ya shiga gida, bai ce masa bismilla ba.